Jadawali ko Zane? Yadda Za Ki Fito da Abin da Rajistar Asibiti Ke Faɗi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, ni ke riƙe da wani ƙaramin asibiti a karkara. An ce in gabatar da rahoton aikinmu na shekara a gaban kwamitin ci gaban mazaɓa, kuma dagaci da limamai za su halarta. Rajistocinmu cike suke da lambobi: masu zazzaɓin cizon sauro, allurar rigakafi, awon ciki. Shin jadawali zan yi ko zane? In zane ne, wane iri, tunda Excel, wato manhajar lissafi ta kwamfuta, ya jero mini kala-kala?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya saka muku da alheri kan wannan aiki da kuke yi.

Duka biyun za ki yi, amma jadawali ne a gaba. Jadawali naki ne, da duk wanda zai so ya bi diddigin lissafinki. Zane kuwa na mutanen da za su zauna a gabanki ne, waɗanda ba su da lokacin bin lambobi ɗaya bayan ɗaya. Sai dai kafin ki taɓa kwamfuta, ki ɗauki takarda ki rubuta tambayoyin da kike son mutanen nan su tashi da amsarsu. Uku sun isa. Misali: a wane wata zazzaɓi ya fi kwantar mana da yara? Yara nawa ke fara rigakafi ba su ƙarasa ba? Daga wane ƙauye mata ba sa zuwa awo? Kowace tambaya a nan kwatanci ce: wannan wata da wancan, wannan ƙauye da wancan, abin da aka yi da abin da aka sa a gaba. Lamba in tana tsaye ita kaɗai ba ta gaya wa kowa komai, sai an ajiye wata a gefenta. In kika san me kike kwatantawa da me, siffar jadawalin da irin zanen duk za su zo miki da kansu.

Rabin aikin ma kin riga kin yi shi. Fom ɗin taƙaita aikin wata da kike cikawa ana kai wa ƙaramar hukuma, wanda daga can ake shigar da shi DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya, shi ne tushenki. Ki tattaro na watanni goma sha biyu. Amma kada ki yarda da su ido rufe. Ki zaɓi wata biyu ko uku, ki koma rajista ki sake ƙirgawa da kanki, sanda huɗu a tsaye ta biyar a gicciye, ki ga ko ya yi daidai da abin da ke fom. In kika tarar da saɓani, rajista ce gaskiya, domin ita aka rubuta mara lafiya yana zaune.

Akwai abu guda da nake roƙon ki kula da shi tun a nan, don yana ɓata rahotanni da yawa: sifili daban, gurbin da ba a cike ba daban. In a watan Maris ba wanda ya zo da ƙyanda, ki rubuta 0. In kuwa a watan Maris kayan gwajin zazzaɓi sun ƙare, ko an yi yajin aiki, ko shafin rajistar ya yage, kada ki rubuta 0. Ki ja ɗan layi a gurbin, ki yi bayani a ƙasan jadawalin. Na sha ganin rahoton da ke murnar zazzaɓi ya ragu a wani wata, da aka bincika sai aka tarar abin gwaji ne babu, marasa lafiya kuwa suna nan suna zuwa. Kwamfuta ba ta san wannan ba, duk abin da kika ba ta shi za ta zana.

Shi jadawalin kansa ba ya son ado. Kansa ya faɗi abu uku: mene ne aka ƙirga, a ina, a wane lokaci. Watanni ko ƙauyuka su sauko daga sama zuwa ƙasa, kowane a layinsa. Abubuwan da kika ƙirga su jeru a sama daga hagu zuwa dama, kowane gida da abu ɗaya tak: waɗanda aka gwada a gida guda, waɗanda gwajin ya nuna suna da cutar a gida na gaba, kashi cikin ɗari a na ukun. Jimla ta zo a ƙarshe, a ƙasa kuma ki rubuta rajistar da kika ɗauko lambobin. Watanni dole su bi jerinsu, amma ƙauyuka ki jera su daga mai yawa zuwa mai kaɗan, don ido ya kama na sama da na ƙasa nan take. In za ki raba mutane bisa shekaru, kada rukuni ya shiga rukuni. Wanda ya rubuta "0 zuwa 5" sannan "5 zuwa 10" ya bar ɗan shekara biyar da gida biyu. Ki bi rabon da ke fom ɗinku: 'yan ƙasa da shekara biyar, masu shekara biyar zuwa sama, sai masu juna biyu. Kuma ki rage wutsiyar lamba. Kashi 37 ya wadatar, ba wanda zai amfana da 36.842.

Yanzu ga inda nake son ki fi daɗewa. Duk lambar da za ki rubuta, ki tambaye ta: cikin nawa?

A shekarar 1854 kwalara ta ɓarke a Landan. A lokacin yawancin likitoci sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo ta. Wani likita mai suna John Snow yana zargin ruwan sha. An fi saninsa da taswirar da ya zana ta unguwar Soho, inda ya nuna gidajen mamatan sun taru kewaye da famfon titin Broad Street. Amma a wurina ɗan jadawalin da ya haɗa ya fi taswirar ƙarfi. A kudancin birnin kamfanoni biyu ke sayar wa gidaje ruwa, sau da yawa a titi ɗaya. Kamfanin Southwark da Vauxhall yana ɗibar ruwansa daga kogin Tems a cikin gari, inda ƙazantar birni ke kwarara. Kamfanin Lambeth kuwa tun 1852 ya mayar da wurin ɗibarsa can sama da gari, inda ruwan bai gauraya da najasa ba. Snow ya bi gidajen da aka yi rasuwa yana tambayar wane kamfani ke ba su ruwa. Ga abin da ya samu na makonni bakwai na farkon annobar:

| Kamfanin ruwa | Gidaje | Mamata | Mamata a kowane gida 10,000 |
|---|---|---|---|
| Southwark da Vauxhall | 40,046 | 1,263 | 315 |
| Lambeth | 26,107 | 98 | 37 |

Ki dubi gidan ƙarshe na jadawalin. Shi ne ya kashe bakin mai cewa ai kamfani na farko ya fi yawan gidaje, dole mamatansa su fi yawa. Gidajensa ba su ninka na Lambeth sau biyu ba, amma mutuwar ta ninka fiye da sau takwas. Wani abin kuma: a sauran sassan Landan mutum 1,422 suka mutu a wannan lokaci, wato sun fi 1,263 yawa. Wanda ya tsaya a kan wannan lamba zai ce can ne abin ya fi muni. Amma waɗannan mamata sun fito ne daga gidaje 256,423, ko 60 ba su kai ba a kowane gida 10,000. Da Snow bai nemo yawan gidajen ba, da jadawalinsa ya nuna wa hukuma inda ba nan matsalar take ba.

Haka abin yake a wurinki. A ce ƙauye ɗaya ya turo mata 60 awon ciki, wani ya turo 25. Dagaci zai yaba wa na farko ya yi wa na biyu faɗa. To in na farkon yana da masu ciki 200, na biyun kuma 40 fa? Na farko kashi 30 cikin ɗari ke nan, na biyu ya haura kashi 60. Wanda ya cancanci yabo shi za a kunyata a bainar jama'a, kuma da hannunki. Wannan ya sa nake ɗaukar maganar "cikin nawa" a matsayin amana. A zazzaɓi ma kada ki tsaya a yawan waɗanda aka samu da cutar, ki raba su da yawan waɗanda aka gwada.

A rigakafi, abin da ake rabawa da shi shi ne adadin yaran da aka ƙiyasta wa yankinku. A Najeriya an saba ɗaukar kashi 4 cikin ɗari na jama'ar yanki a matsayin 'yan ƙasa da shekara ɗaya, kashi 5 kuma masu juna biyu. Ki yi amfani da shi, amma ki san daga ina ya fito. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a ƙasar ta 2006 ce, lambobin da ake ba ku yau hasashe ne da aka ɗora a kanta shekara bayan shekara. Shi ya sa wani asibiti ke wayar gari da kashi 120 cikin ɗari. Ko dai ƙiyasin ya gaza yawan mutanen da ke wurin, ko ana kawo yara daga maƙwabta, ko makiyaya da 'yan gudun hijira sun sauka a yankin. In haka ta faru gare ki, ki rubuta lambar yadda ta fito, ki faɗi dalilin da kike zato. In kuma kuna da ƙidayar gida-gida da kuka yi da masu unguwanni, ki ajiye ta a gefe, sau da yawa ta fi kusa da gaskiya.

Ta ɗaya gefen kuma, kashi cikin ɗari yana ruɗi in mutanen kaɗan ne. Mutum biyu cikin huɗu kashi 50 ne, amma faɗin haka zai tayar da hankali a banza. In adadin ƙarami ne, ki ce "biyu cikin huɗu" kawai.

Sai zane. Cikin duk abin da Excel ya jero miki, biyu za su ɗauke miki kusan dukkan aikin: zanen layi da zanen sanduna.

Duk abin da ke tafiya da lokaci, layi ne nasa. Watanni a kwance a gindi, adadi a tsaye a hagu, ɗigo ɗaya ga kowane wata, sai ki haɗa ɗigogin. Zazzaɓin cizon sauro a ƙasarmu damina yake bi, don haka za ki ga layin ya kwanta da rani, ya fara hawa bayan ruwa ya zauna, ya yi tozo wajen Agusta zuwa Oktoba. Saboda haka kwatanta Satumba da Maris ba ya nuna ko aikinku ya yi kyau ko bai yi ba, damina kawai yake nunawa. Satumbar bana da Satumbar bara za ki kwatanta. Ki zana shekaru biyun a kan takarda ɗaya, bana da layi mai kauri, bara da layi mai tsinke-tsinke, ki rubuta shekarar a bakin kowane layi. In ana rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina a yankinku, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa tun 2012 ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 a yankin Sahel, ki sa 'yar alama a watannin da aka raba, kuma ki ware layin 'yan ƙasa da shekara biyar, tunda su ake bai wa. Watan da ba ki da bayaninsa ki bar gibi a layin, kada ki sauko da shi ƙasa.

Abubuwan da ba sa bin juna, kamar ƙauyuka ko nau'o'in cututtuka, sanduna ne nasu. Faɗinsu ɗaya, tazararsu ɗaya, doguwa a farko. In sunayen ƙauyukan dogaye ne, ki kwantar da sandunan don a karanta ba tare da karkata wuya ba.

Sanda tana da doka guda da ba a karyawa: daga sifili take farawa. Dalili shi ne tsawonta ido ke aunawa, mai kallo ba ya duba lambobin gefe. Ga misali da kowa ya sani. A sakamakon ƙidayar 2006, jihar Kano tana da mutum 9,401,288, jihar Legas kuma 9,113,605. Tazarar 287,683 ce, wajen kashi 3 cikin ɗari. In kika zana su daga sifili, sandunan biyu kusan kai ɗaya za su yi, kuma haka lambobin suka ce. Amma ki fara ma'aunin daga miliyan tara ki gani: abin da zai rage wa Kano 401,288, na Legas 113,605, sai sandar Kano ta ninka ta Legas sau uku da rabi. Ba a canza lamba ko ɗaya ba, amma duk wanda ya kalla zai tafi da ƙarya a kansa. Ki lura sosai, domin in lambobinki sun yi kusa da juna, Excel da kansa yakan yanke gindin ma'aunin ba tare da ya tambaye ki ba. Ki shiga saitin ma'aunin ki mayar da mafarinsa 0. Zanen layi yana iya farawa daga sama in akwai buƙata, tunda hawa da sauka ake kallo, amma a gaban taro irin naki na fi son shi ma ya taso daga sifili.

Da'irar nan da ake yayyankawa kamar kankana tana da farin jini, amma ba na ba ki shawararta sai in yankan bai wuce uku ko huɗu ba, kuma in an haɗa su suna ba da ɗari cif. Ido ya fi iya auna tsawo a kan faɗin kusurwa. Yanka mai kashi 23 da mai kashi 27 kusan ɗaya suke a da'ira, a sanduna kuwa bambancin a fili yake. Masu tudu da inuwa da ke fitowa kamar gini, ki bar su gaba ɗaya: yankan da ke gaba yakan yi kamar ya fi na baya girma ko da bai kai shi ba.

Akwai zane ɗaya da nake kyautata zaton yana manne a bangon asibitinki, wato takardar bibiyar rigakafi, mai layin da aka sa a gaba, wanda ya taso daga kusurwar ƙasa ya nufi adadin yaran shekara. Ita tarawa ake yi, na wannan wata a kan na watannin baya, don haka layin yaran da kuka yi wa allura ba ya taɓa saukowa ko da aiki ya tsaya cik. Kada hawansa ya ruɗe ki ko ya ruɗi mutanen taro. Abin dubawa shi ne nisansa da layin da aka sa a gaba, da kuma gibin da ke tsakanin layin Penta 1 da na Penta 3, wato allura ta farko da ta uku ta rigakafin nan mai kare yaro daga cututtuka biyar. Yaro yana karɓar ta farko a mako 6, ta biyu a mako 10, ta uku a mako 14. Gibin nan yaran da suka fara ne ba su dawo ba. Lissafinsa: ki cire Penta 3 daga Penta 1, ki raba da Penta 1, ki ninka da ɗari. A ce 200 suka fara, 170 suka ƙarasa, kashi 15 ke nan, kuma duk abin da ya haura kashi 10 alama ce ta matsala. A gaban dagaci da limamai, ki faɗe shi da yawan yara: talatin sun fara ba su gama ba. Wannan magana ce da liman zai iya ɗauka ya kai masallaci ranar Juma'a, mai unguwa kuma ya bi gida-gida. Haka za ki yi wa awon ciki, tsakanin zuwan farko da zuwa na huɗu.

Kada ki ji tsoron cewa mutanen karkara ba za su gane zane ba. A ƙarshen shekarun 1950 wani likitan yara ɗan Ingila, David Morley, ya yi aiki a Imesi-Ile da ke jihar Osun ta yau, kuma daga aikinsa ne katin awon nauyin yara ya samo asali, wanda ake barin sa a hannun uwa. Zanen layi ne sak: watannin yaro a kwance, nauyinsa a tsaye. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana gane cewa in layi yana hawa ɗanta na ci gaba, in ya miƙe a kwance akwai damuwa, in ya sunkuya a garzaya asibiti. Ya yi aiki ne domin tambaya ɗaya yake amsawa, kuma an zauna an nuna wa uwar yadda ake karanta shi. Ke ma ki yi haka. Kafin ki ce komai game da sakamako, ki sa yatsa ki nuna: nan watanni ne, nan yawan yara ne, in layi ya hau yara sun ƙaru.

Ba lallai sai da na'urar haska bango ba, balle wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar bayani. Farin kwali babba, rula da maka sun wadatar, zane ɗaya a kwali ɗaya, rubutu manya yadda na layin baya zai gani. Launi biyu sun isa. In za ki raba kwafi, ki tuna injin hoto baƙi da fari yake fitarwa, ja da kore duk toka za su koma, don haka ki bambanta sanduna da zane-zane a cikinsu, wata a cike wata da layuka. Kan kowane zane ki rubuta shi da Hausa, kuma ya faɗi abin da aka gano. "Zazzaɓi ya fi kama yara daga Agusta zuwa Oktoba" ya fi "Rahoton zazzaɓi na shekara" amfani nesa ba kusa ba. In akwai masu karatun ajami a cikinsu, ki sa a rubuta musu kan da ajami a ƙasa.

Sannan ki kiyaye sirrin marasa lafiya. Ba suna kaɗai ke tona asiri ba. In kika rubuta cewa a wata 'yar ruga mai gida goma an samu mace ɗaya da tarin fuka ko cuta mai karya garkuwar jiki, kowa a wurin zai san wadda ake nufi. Irin waɗannan cututtuka ki ba da jimlarsu ta mazaɓa gaba ɗaya, kada ki rarraba su ƙauye-ƙauye. Rajistocin kansu su zauna a asibiti. Abin da za ki riƙe a hannu shi ne jadawalin mai shafi ɗaya, don in wani ya ce bai yarda da tsawon sandar ƙauyensu ba, ki nuna masa lambar da kuma cikin nawa aka ƙirga ta.

Allah ya ba da sa'a, ya sa a tashi taron lafiya.